Wanda ba ya iya tashi, wa zai kai masa hoton zuciya?

Rubutun yau zai ɗan yi tsawo, ku yi mini haƙuri. Duk mai mata, ko ƙanwa, ko ɗiya a gidan miji, don Allah ya daure ya kai ƙarshe.

Kwanan nan ana ta gardama a nan kan asibitocinmu. Wannan ya ɗora hoton sabon fenti, wancan ya ɗora hoton rufin da iska ta yaye. Ni duk sa'adda na ga wannan muhawara sai hankalina ya koma ƙarshen daminar 2021, ranar da na ɗauko ƙanwata daga Rimawa tana zaune cikin mota don ba ta iya kwanciya. Na daɗe ina son ba da labarin, sai yanzu ta yarje mini.

Mutanen yankinmu ba su manta watan Satumba na waccan shekara ba. An katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, ciki har da Goronyo da Rabah. Ni ina birni wurin aiki. Ƙanwata ta haihu ƙarshen Agusta, haihuwarta ta huɗu, an yi suna lafiya, na je na dawo. Bayan mako uku ciwo ya kama ta, ga shi ba hanyar kira. Wani direba mai lodi a kasuwar Achida ne ya kawo mini saƙon baka, kwana biyu bayan an ba shi: "Inna ta ce ka taho, jikin mai jego ba daɗi."

Na tarar da ita zaune bisa tabarma, an jingina mata matasai uku a bango. Ƙafafunta sun kumbura har idon sawu ya ɓace, in ka danna da yatsa wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Kalma biyu uku sai ta tsaya ta ja numfashi. Ta ce: "Yaya, kwana ukku ke nan ban kwanta ba. In na kwanta kamar an aza man dutsin niƙa ga ƙirji." Inna kuwa cewa ta yi: "Kumburin jego na, ko ni na yi shi sa'adda na haihe ka."

Ba zama suka yi ba. An yi rubutu, an jiƙa saiwoyi, ana dama mata kunun kanwa safe da yamma yadda aka saba. Maigidanta ya kira wani mai kemis, ya dube ta ya ce ƙarfinta ne ya ƙare, ya saka mata ledar ruwa biyu. A wannan dare numfashin ya ƙara tsananta. Ba na zagin mutumin. Abin da idonsa ya gani shi ya yi wa magani, abin da ke damunta kuwa yana can cikin ƙirji inda ido ba ya kaiwa.

Mun kai ta asibitin da ya fi kusa. Ma'aikacin da muka samu, Allah Ya saka masa da alheri, ya saurari ƙirjinta, ya ce yana zargin zuciya. Ya yi mata allurar da ke sa fitsari, ta ɗan samu sa'ida. Sannan ya ce: "Malam, zato nake yi. Ba ni da abin da zan ga zuciyar da shi. Ku wuce birni tun da sauran rana." Kowa ya san ma'anar "tun da sauran rana" a hanyarmu. Muka sa ta a gidan baya, Inna ta tallafe ta ta gefe ɗaya, ƙanwar mijinta riƙe da jaririya. Kowane rami mota ta faɗa sai in waiwaya in duba ko tana numfashi. Ban taɓa karanta Hasbunallahu yawan na ranar ba.

A birni aka kwantar da ita, aka sa mata oksijin. Likitoci suka ce sai an yi hoton zuciya, wanda ake kira eko. Na'urar tana wani gini daban, ita kuma da an cire mata bututun oksijin sai leɓɓanta su sauya launi. Kwana biyu muna haka: ga na'ura, ga mara lafiya, tsakaninsu bai fi tafiyar minti biyar ba, amma an kasa haɗa su. Rana ta uku wani matashin likita ya shigo da ƙaramar na'ura a hannu, ya shafa mata mai a ƙirji, ya aza. Cikin minti goma ya kira ni ya nuna mini allon. Na ga zuciyar ƙanwata tana motsi a gajiye, kamar tsohon da ke jan guga. Ya ce lafiyayyar zuciya, duk bugu ɗaya, tana tura fiye da rabin jinin da ke babban ɗakinta na hagu, kashi 55 zuwa 70 cikin 100. Tata 25 take turawa.

Mu da muka tashi a bakin gulbin Rima mun san injin ban ruwa. In inji ya raunana, ruwa baya yake komawa ya kwanta. Haka zuciya: in ta kasa turawa, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Shi ya sa mai wannan ciwo ba ya iya kwanciya, shi ya sa kuma ledar ruwan nan ta kusa kashe ta. Mai jegon da jini ya ƙare wa tana haki. Mai ciwon huhu tana haki. Mai raunin zuciya ma tana haki. A ido kamarsu ɗaya, amma ruwan da zai ceci wata shi zai nutsar da wata. Abin da ke raba su shi ne a leƙa ciki a gani.

Wannan ciwo, raunin zuciya na ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, ba baƙo ba ne a wurinmu. Arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duk duniya. Tun shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka yi rubutu a kansa a Zariya, suka danganta shi da wankan jego, kwanciya bisa gadon da aka hura wa wuta, da kunun kanwa. A 2007 Isezuo da Abubakar suka fitar da binciken da suka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, suka samu mace 1 cikin haihuwa 102. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranci wani babban bincike a asibitoci da dama na ƙasar nan, wanda ya fito a 2020. Arewa maso Yamma ce ta fi yawa, wajen 1 cikin 96, kuma kusan 1 cikin 5 na matan da aka bi diddiginsu sun rasu cikin abin da bai kai shekara biyu ba. Binciken Kano bai tabbatar da cewa al'adar jego ce tushen ciwon ba. Ya fi nuna rama, talauci, hawan jinin masu ciki, da ƙarancin wani sinadari a jini mai suna siliniyam, wanda likitoci a Yamai ma suka lura da shi tun farkon shekarun 1990. Amma duk likitan da na tambaya ya ce zuciyar da ta riga ta raunana, gishiri da kanwa nauyi suke ƙara mata.

Wata rana da dare, ward ya yi shiru, na tambayi likitan nan: "Likita, akwai hoton da ya wuce wanga?" Ya yi dariya ya ce akwai iri-iri, kowanne da tambayar da yake amsawa. A nan na fara jin labarin hoton zuciya na nukiliya. Bayan an sallame mu na zauna na yi ta karatu a kai, kuma abin da na fahimta shi ne wannan.

Da an ce nukiliya sai mu tuna bam. Wannan daban ne. A hoton ƙashi da muka sani, haske ne ke fitowa daga na'ura ya ratsa jiki. A na nukiliya kuwa hasken daga cikin jiki yake fitowa. Ana yi wa mutum allurar wani sinadari ɗan mitsitsi, galibi teknishiyam-99m, a haɗe da maganin da ke bin jini ya shiga naman zuciya. Sinadarin yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, mai suna gama, sai kyamara ta musamman ta kama shi. Ka ɗauka ka zuba shuni a bakin babbar hanyar ruwan da ta taso daga dam ɗin Goronyo, sannan ka hau tudu ka duba lambuna. Fangalin da ya yi shuɗi, ruwa na kai masa. Wanda bai sauya ba, hanyarsa ta toshe. Haka likita ke ganin wane ɓangare na zuciya jini ke isa, wanne ya mutu bayan bugun zuciya, wanne kuma ya suma ne kawai, in an buɗe masa hanya zai farfaɗo. Ana kuma iya manna sinadarin a jikin ƙwayoyin jini a auna daidai nawa zuciya ke turawa, ko a duba ko gudan jini ya toshe hanyar huhu.

Wani Ba'amurke, Hal Anger, shi ya ƙera wannan kyamara a ƙarshen shekarun 1950. Ta asali katuwa ce, an lulluɓe ta da darma, tana da ɗakinta na kanta, mara lafiya ake kai mata. Sai likitocin can suka ci karo da irin matsalar da muka ci karo da ita: mutumin da ya fi buƙatar hoton shi ne wanda ba ya ɗaguwa. Yana ɗakin kulawa ta musamman, inji ke yi masa numfashi, ga bututu ta ko'ina. A tura shi zuwa wani bene, yana iya cikawa a hanya. Don haka tun shekarun 1970 suka fara ƙera kyamarori masu tayoyi da ake turawa har bakin gado, kuma na zamanin nan sun ƙara ƙanƙancewa. Mai jinya ya shigo da allura, a jingina kyamara a ƙirjin mara lafiya, a ɗauki hoto yana kwance inda yake.

Da na karanta wannan sai na ji wani abu ya tokare mini maƙoshi, na tuna kwana biyun nan namu. To amma gaskiya ɗaya ce, kuma ba zan yaudare ku ba: wannan kyamara ba za ta zo Goronyo ko Wurno ko Rabah nan kusa ba, ko da wani attajiri ya saya mana ita kyauta. Dalili yana ga allurar. Teknishiyam ba ya ajiyuwa. Duk awa 6 rabin ƙarfinsa ke tafiya, bayan kwana ɗaya kashi ɗaya cikin 16 ya rage. Kamar ka sayi ƙanƙara a birni da azumi ka ce za ka kai ta ƙauye gobe. Shi ya sa asibitoci ke sayen uwarsa, molibdinam-99, wadda take awa 66 kafin rabinta ya tafi. Tana zuwa cikin wata tukunyar darma, kullum safe a tatsi teknishiyam daga jikinta. Har masu aikin ma saniya suke ce mata. Bayan mako ɗaya zuwa biyu saniyar ta ƙafe, sai an kawo wata a jirgi. Tashoshin nukiliyar da ke samar da ita a duniya 'yan ƙalilan ne, a Turai da Ostireliya, sai guda a Pelindaba ta Afirka ta Kudu. Tamu ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, ƙarama ce, ta bincike da koyarwa. Abin takaici, daga yuraniyam ake samun sinadarin, ga shi maƙwabtanmu na Nijar suna haƙar yuraniyam a Arlit tun 1971.

Ban da allura, sai an samu lasisi daga hukumar da ke kula da harkar nukiliya ta ƙasa, da likitan fannin, da mai haɗa maganin, da wutar da ba ta ɗaukewa. Wuraren gwamnati da aka fi sani da wannan aiki a Najeriya su ne Asibitin Koyarwa na Ibadan, wanda sashensa ya fara a 2006, da Asibitin Ƙasa na Abuja. Daga Rimawa, lafiyayye ma sai ya yini a mota kafin ya ga Abuja, balle wadda ba ta iya kwanciya.

To me ya sa na kawo maganar? Saboda tunanin da ya haifi kyamara mai tayoyi shi muke buƙata, kuma shi ba ya narkewa kamar ƙanƙara. Mutanen nan sun duba suka ce mara lafiya ba ya iya zuwa, to na'ura ta tashi ta je. Mu har yanzu tsarinmu shi ne a ɗauko mai rai a hannun Allah a kai shi inda na'ura take zaune, a hanyar da ba a bin ta bayan la'asar. Muna asibiti labarin harin kasuwar Goronyo na 17 ga Oktoba, 2021 ya same mu, mutum sama da 40 suka rasu. Ranar na tambayi kaina: masu jego nawa ne ke zaune jingine da bango a ƙauyukan Rabah da Wurno da Goronyo a daren nan, waɗanda ba mai iya fitowa da su?

Ga abin da ya ƙarfafa mini gwiwa. Ko a ƙasashen da ke da kyamarar nukiliya, yawancin duba zuciya a bakin gado yau da eko ake yi. Ciwon ƙanwata ma da eko ake tabbatar da shi: in abin da zuciya ke turawa ya gaza kashi 45 cikin 100, kuma babu wani dalili daban. Eko da sauti yake aiki, irin sikanin ɗin da ake yi wa masu ciki. Ba ya son allura, ba ya son lasisin nukiliya. Yanzu akwai na hannu, kamar Vscan da Butterfly iQ. Na biyun ma a waya ake jona shi, kuma lokacin da ya shigo kasuwa a 2018 kuɗinsa bai cika dala 2,000 ba. Ƙaramar sola ta isa ta yi masa caji. Ku kwatanta da kuɗin mota ɗaya cikin jerin gwanon da ke wuce mu da jiniya.

Na'ura kaɗai ba ta isa ba, na sani. In babu wanda ya iya riƙe ta, akwati za ta koma. Amma ba a ce ma'aikacin karkara ya zama ƙwararren likitan zuciya ba. A koya masa amsa tambayoyi kaɗan: zuciyar na matsawa da ƙarfi ko ta raunana? Akwai ruwa kewaye da ita? Akwai ruwa a huhu? In ya ɗauki hoton ya tura wa ƙwararre a birni ta waya, ranar da akwai sabis. Da ma'aikacin da muka fara samu yana da wannan, da bai ce "zato nake yi" ba.

Don haka ga roƙona ga 'yan majalisarmu, shugabannin ƙananan hukumomi, ƙungiyoyin ci gaban gari da masu hannu da shuni 'yan asalin yankin. A tabbatar kowane babban asibiti a Goronyo, Wurno da Rabah yana da eko na hannu da aƙalla mutum biyu da aka horar a kansa. A riƙa fita da shi ranar awo da ranar rigakafin jarirai zuwa ƙananan asibitoci, tunda ranar ce masu jego ke taruwa. In ɗan siyasa ya zo neman ƙuri'a ya nuna muku gini, ku tambaye shi me ke cikin ginin, wa kuma zai yi aiki da shi. Maganar sashen nukiliya a Arewa maso Yamma ita ma a sa ta a gaba, haƙƙinmu ne, amma a fara da abin da hannu ke iya kaiwa bana.

Wani zai ce ai kwana in ya ƙare ya ƙare. Haka ne, ba mai ja da wannan. Amma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ke kwance nan Wurno tun 1837, ya rubuta littattafai kan magani, har da na ciwon ido da na basur. Bai ga saɓani tsakanin tawakkali da neman magani ba, mu jikokin almajiransa bai kamata mu gani ba.

Kafin na'ura ta iso, ga abin da kowane gida zai iya. In mace a watan ƙarshe na ciki, ko cikin watannin farko bayan haihuwa, ta fara haki ba ta yi aikin komai ba, ko ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, ko tari ya hana ta barci da dare, ko ƙafa da ciki suka kumbura, ko zuciyarta na dukan uku-uku, kada a ce a bari sai an yi arba'in. A dakatar da kanwa, a rage gishiri, kada a yarda kowa ya saka mata ruwa kafin likita ya duba ƙirjinta, a nufi asibiti tun da safe. Kada kuma wani ya karanta wannan ya je kemis ya sayi maganin zuciya da kansa.

Ƙanwata ta yi mako uku a gado. Ta sha magani wata da watanni, aka sake hoto aka ce zuciyar ta ɗan dawo, amma ba ta koma yadda take ba. Likita ya zaunar da ita da maigidanta ya ce sake ɗaukar ciki yanzu kasada ce da rai. Ba magana ce mai sauƙi ba a gidajenmu, an sha surutu, amma ya tsaya mata. Da wata gwaggonsa ta matsa, cewa ya yi: "Ni na gani da idona ga allo, ba labari anka ba ni ba." Jaririyar nan yanzu tana zuwa makarantar allo, uwarta ke yi mata kitso. Inna kuwa ita ce yau ke bi gidajen masu jego tana danna musu ƙafa da yatsa.

Shekarar da ta biyo, matar wani maƙwabcinmu ta yi irin wannan kumburi bayan haihuwar fari. Sun fito da ita a makare, ta cika kafin su kai Achida. Ba wanda ya taɓa ganin zuciyarta, ba wanda zai iya cewa ga abin da ya kashe ta. Allah Ya jiƙanta da rahama, Ya raya abin da ta bari.

Don Allah ku tura wa wanda kuka san zai iya yin wani abu. Ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, ku gyara mini inda na yi kuskure. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kawo mana zaman lafiya a gabashin Sakkwato da ƙasa baki ɗaya. Amin.